Jan da ke Ƙarƙashi

Shekara tara tana kwance a bayan gidanmu a Karantina.
Kyanwa ta haihu a kujerarta sau uku.
Iskar Bahar Maliya na lasarta da gishiri
har tsatsa ta mai da gindin ƙofa leshi.

Datsun ce, mai ƙofa biyu, mai dogon hanci,
wadda samarin Jidda ke kira Zad.
Ni ne na huɗu da ya riƙe makullinta.
Na more ta, na gaji,
na jingine ta kamar tsohon bashi.

Ran da Rumasa'u ta shigo da lasisin tuƙi
ba ta ce uffan ba.
Ta aje shi kusa da kofin shayina,
ta ɗaga labule, ta dubi bayan gida.
'Yar mai fenti ba ta roƙo da baki.

Da igiya muka ja ta zuwa gareji,
Mukbil Bayamale na gaba yana ƙyaƙyata:
"Ya Tanimu, wannan gawa ce, a yi mata sutura."
Na ce gawa ba ta tari, kawo batir.
Ta yi tari sau biyu,
ta tofa baƙin hayaƙi a farar rigarsa.

Sai samfefa.
Kwana goma sha ɗaya ina kankara.
Farin da na shafa mata da hannuna ya fara tafiya.
Ƙarƙashinsa ruwan toka,
ƙarƙashin wannan shuɗi mai kauri, aikin gaggawa,
wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba,
foti ya fi ƙarfe yawa.
Can ƙasa, dab da fatar ƙarfen,
ja.
Jan da ta baro masana'anta da shi,
jan gauta, jan garwashi,
shekara arba'in a rufe, ba wanda ya tambayi lafiyarsa.

Na kifa bokiti na zauna.
Ni ma an shafa mini nawa:
Takari, Usɗa, Abu Rumasa'u, kai yaro.
In aka sa mini samfefa
ban san launin da za a tarar ba.

Mukbil ya buge bodi har ya miƙe kamar ruwan randa,
ya zo kan wata lotsawa a bayan hagu, ya ɗaga guduma.
Na riƙe hannunsa.
Ginshiƙin ƙofar asibiti ne ya yi ta,
ƙarfe biyun dare, Lantana na cizon mayafi a gefena,
ni kuwa na manta inda birki yake.
Mu biyu muka shiga.
Na fito da wadda ba ta cika hannu ba.

Fenti ba ya son rana, ba ya son ƙura, ba ya son magana.
Bayan asuba na yayyafa wa ƙasa ruwa,
na ɗaure hanci da tsohon rawani,
na saki hannu daga dama zuwa hagu
kamar mai yi wa jariri fifita.
Shafi ɗaya. Jira. Shafi biyu.
A na uku ƙuda ya sauka tsakiyar bonet
ya mutu shahidin kwalliya.
Na cire shi da bakin allura, ƙafarsa ɗaya ta zauna.
Ni kaɗai na san wurin.

Ran Juma'a da yamma ta zo,
ta zagaya motar, ta ga fuskarta a ƙofa, ta gyara gyale.
Yatsanta ya faɗa cikin lotsawar.
"Baba, ka manta nan."
Na ce fenti ne ya ƙare.
Ta dube ni irin duban uwarta.

A titin bakin teku motar ta mutu mata sau uku.
Kuloci tsoho ne, sai an lallashe shi.
A na huɗu ta kama,
dogon hancin ya ɗaga, salansa ta yi gyaran murya.
Ina kujerar da Lantana ta zauna,
ƙafata na taka birkin da babu,
jan bonet yana shanye jan faɗuwar rana,
ita kuwa tana neman giya ta huɗu.