Yunwa Ba Ta Cikin Doka

Ban taɓa ganin teku ba, Alkasum.
Ruwan da na sani shi ne tabkin Tabalak,
shi ma daga tagar mota.
Ka ce naku ba shi da gaɓa,
kwana uku kuna kwalfe jirgi da takalma.

Na saida gonar albasa,
na ɗora da raƙumar kawunka,
aka tura wa wani mai lamba a Agadas.

Yanzu kana bayan waya mai ƙaya.
Tafinta ya tambaye ka: wa ya koro ka?
Ka ce hatsi ne bai yi ba, damina uku.
Suka rubuta,
suka buɗe littafinsu,
suka ce yunwa ba ta cikin doka.
Da ka zo da tabon harsashi, da an ba ka ɗaki.

To, ni ban yi renonka don harsashi ba.

In sun maido ka Tawa,
kada ka laɓe a tasha sai dare ya raba,
kamar yadda ɗan Tabawa ya yi bara.
Shigo da rana tsaka, kowa na gani.
Bashin, mu biya shi tare.
Tabarmarka ma ban naɗe ba.