Ƙirgen Baya

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo a kasuwar Kemeralti,
ban taɓa riƙe wanda ke tafiya da baya ba
sai a ɗakin nan, hawa na shida,
inda Nas Gulizar ta rubuta a farin allo: saura bakwai.
Gari ya waye ta goge, ta sa shida.

Sun huda ƙirjina sun zura siririn bututu.
Leda na reto a kan sanda, ruwanta garau kamar na alwala,
amma mai rataya ta sai da ta sa safar hannu biyu, riga kan riga.
Na ce, abin da kike tsoron ya taɓa fatarki
shi za ki ɗura mini a jijiya?
Ta ce, Usta Rifat, sai an ƙona sassabe ake shuka.
To ai gonar ni ce, na ce. Ta yi dariya a bayan takunkumi,
idonta kaɗai na gani.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.
Na auna da kunnen sana'a: yana lattin daƙiƙa guda.
Da a shagona ne da na buɗe bayansa.

Saura biyar.
Shayi ya koma ɗanɗanon kwabo.
Miyar da matata Sabahat ta ɗora tun asuba
a bakin ƙofa aka tsare ta, wai ɗan ƙwayar cuta ɗaya ya ishe ni.
Ta tsaya bayan gilashi tana nuna mini da hannu
yadda mage ta haihu a ƙarƙashin teburin shago.
Huɗu, in ji yatsunta.

Saura huɗu, na tsotsi ƙanƙara har haƙora suka daina sanina,
duk da haka baki ya tsage.
Gashin bakin da na yi shekaru ina murzawa
na tsince shi a kan matashi, ya riga ni sallama.

Daga taga ina ganin jirgin ruwan Karshiyaka
yana yanka tekun Izmir, fararen tsuntsaye na binsa don gutsuren burodi.
Ƙarfe takwas saura kwata. Bai taɓa makara ba.
Mutanen ciki suna hamma, suna duba waya,
ba su san sarauta suke yi ba.

Saura uku, ban rubuta komai ba.
Kwano, bango, kwano.

Saura biyu. A hawa na uku akwai wata mace
da muka shekara tara ba ko gaisuwa
saboda itatuwan zaitun goma sha bakwai da Baba ya bari.
Na faɗa mata magana a gaban lauya, wadda ko kare ba zai ci ba.
Da aka gwada dangi kaf, jininta ne kaɗai ya yi daidai da nawa.
Feride.
An ce kwana huɗu ana yi mata allura, ƙasusuwanta na ciwo,
an ce ta zo da sakarta, tana ƙorafin sanyin ɗakin.
Ba ta hawo ba. Ta aiko da 'yar takarda:
Agogon Inna ya tsaya tun bara. In ka tashi ka zo ka duba.

Saura ɗaya. Ranar hutu, in ji su.
Likita ya ce ɓargona ya zama fili fetal,
ba abin da ya rage da zai kare ni, ko daga mura.
Na yi sallar isha'i a kwance, da ido.

Gobe Gulizar za ta zana sifili,
za a shigo da wata leda, ƙarama, ja,
kuma daga nan ƙirge zai juya gaba, in Allah ya so.
Ban san me zan ce wa jinin ƙanwata ba idan ya iso.
Na dai roƙi Sabahat ta nemo mini ƙaramin sukundireba,
mai jan kai, yana aljihun tebur na hagu,
ta bi a hankali kada ta taka 'ya'yan magen.