Rukuni na Biyu

A Harehills bango kan yi gumi ko ana sanyi.
Na kankare fumfuna ranar Asabar,
ranar Talata ta dawo da 'ya'yanta,
baƙa ƙirin, ta yi sansani a saman gadon Nafi'u.

Shekararsa shida. Ƙirjinsa na busa sarewa da dare,
na haddace kiɗan:
in ya yi siriri, a miƙo abin shaƙa,
in ya ɗauke, a nemo takalmi, a kira motar asibiti.

Ƙaramar hukuma ta turo mace da jakar takardu,
Misis Hargreaves, mai sanyin murya.
Ta tuɓe takalmi tun ba a roƙe ta ba.
Ta ƙirga kawuna, biyar a ɗaki biyu,
ta ɗauki bangon hoto kamar shi ma ɗan gida ne.
Ta ce, rukuni na biyu.
Na ce, na ɗaya fa?
Ta dubi Nafi'u yana gutsurar biskit,
ta mai da ido kan biro,
ta ce, sai abin ya fi haka.

Sai abin ya fi haka.

Duk Laraba nakan riga ladanin wayata tashi
in nemi gida a allo, in jira lamba.
Na arba'in da ɗaya. Na sha tara.
Wani mako na zo na uku,
ranar har Zuwaira ta tayo labule a kasuwar Kirkgate.

Gidan ƙasa ne, da ɗan fili a baya.
Desmond na saman bene aka ba,
wanda ke goya matarsa matakala talatin da biyu
tun da ƙafafunta suka daina jin magana.
Na kama masa firji muka sauko da shi.
Na yi masa murna, wallahi na yi,
sai dai murnar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba.
Watan jiya likita ta sa abin ji a bayan yaron,
ta ce ya fara samun sauƙi,
ta rubuta hakan a takardar da za ta je ofis.
Gabana ya faɗi.
Ni da na yi masa huɗuba a kunne,
na tsaya ina lissafin makin da sauƙinsa zai ci mana.
Na yi istigfari tun daga asibiti har tashar bas,
shi kuwa yana tsallake kududdufai, ba tari.

Yau Talata. Na jawo gadonsa tsakiyar ɗaki,
nesa da bango taku biyu, iyakar filin ke nan.
Zuwaira ta ce in kwanta.
Soso na cikin bokiti,
waya na caji.