Bayan Acida

Buhu arba'in na albasa na ɗauko daga Wurno,
motar Alhaji Jelani ce, ni haya nake.
Magariba ta riske ni bayan Acida,
rana ta nutse cikin gero kamar garwashi a ruwa,
ina sauri, ina ƙirga abin da ya rage na hanya.

Sai ga mutum a gefen kwalta.
Babur kwance, tayar gaba tana juyi ita kaɗai.
Hannu ɗaya yana kaɗa mini hula,
ɗayan ya rungume wani abu cikin zane
mai tsawon yaro ɗan shekara biyar.
Fitilata ta wanke masa fuska.
Na gan shi, ya ga na gan shi.
Ƙafata ta nemi birki, wannan ba ƙarya.

Arzika yaron mota ya dafa ni:
"Hakanga anka yi ma Jabbi bara.
Tsumma anka naɗe, sauran suna cikin dawa.
Maigida, don Allah kak ka tsaya."

Na taka.
A madubi ya koma ɗan tsako, ya koma ƙwayar gero,
duhu ya haɗiye shi gaba ɗaya.

Daga nan har Sakkwato ina shari'a da kaina.
Ba ni na kaɗe shi ba.
Ban san sunansa ba, ba mu haɗa kaka ba.
Wanda ya kai mai rauni asibiti
shi ke kwana bayan kanta yana amsa tambaya.
'Ya'yana huɗu, babbansu bai iya riƙe kalme ba.
Kuma ai hanya ce, wata motar na tafe a baya.

Duk na ci shari'ar.
Tuwon dare ne ya ƙi wuce mini wuya.

Inno ta zuba mini ido har na faɗa mata.
Ta ce, "Ran da na haifi Modi,
jinin wa anka ƙara min?
Wani mai ga-ruwa, ko sunanai ba mu riƙe ba."
Ta yi shiru, ta kwashe kwano, ta dawo.
"Amma da ka tsaya, ƙila da yanzu takaba nikai."
Ta bar mini su biyun, ta juya.

Da asuba na tare Malam Haliru a ƙofar masallaci.
Ya ce, "Ceton rai nauyi ne a kan jama'a.
In ɗaya ya ɗauka, ya sauke wa kowa,
in kowa ya wuce, kowa ya ɗauka.
Shi ake ce wa farillar kifaya."
Ya ce, "Mai tsoron halaka kuma yana da uzuri."
Na ce, "To Malam, wanne ne nawa?"
Ya daɗe yana jan carbi.
"Kai ka ga fuskarsa, ba ni ba.
Tsoro iri biyu ne, kamarsu ɗaya:
akwai na rai, akwai na ɓata lokaci.
Mai rarrabe su yana cikin zuciya."

Da hantsi muka koma ɗaukar wani lodi.
Na gane wurin da wata bagaruwa.
Fasasshen madubi, baƙin tabo a ƙasa,
ko mai ne ko jini, rana ta riga ta shanye shaida.
Sai silifa ɗaya, shuɗiya,
ba ta kai tafin hannuna ba.
Tarko ne aka yi wa ado?
Ko wani ya fi ni zuciya ya kwashe su?
Ko yanzu ana haƙa ƙaramin rami a wani ƙauye?
Bagaruwa ba ta ba da labari.
Na tsaya dai, da rana tsaka,
lokacin da tsayawa ba ta da tsada,
ba ta kuma kai kowa ga lafiya.

Na sa silifar a aljihu.
Arzika ya ce, "Maigida, idonka."
Na ce masa albasa ce.
Bai amsa ba. Motar babu kaya.