Abin da Kifi Suka Rage

Mako uku ke nan gilashin ya yi kore.
Na kankare shi da tsohon kati ran Lahadi,
kafin Laraba gansakuka ta dawo,
ta kama dutse, ta kama ganye,
ta yi wa bututun iska gemu.

Na ɗebi ruwan a kwalbar magani,
na hau torotoro daga Asawasi zuwa Adum,
na riƙe ta kamar mai kai jini asibiti.
Kwabena mai shagon kifi ya ɗiga abin gwaji,
ya girgiza, ya ce mu jira.
Ruwan ya soma shuɗi,
ya wuce shuɗin sama, ya kai na bula,
ya jera shi da katin launuka
har gidan ƙarshe.

"Fosfet," in ji shi. "Wa ke ba su abinci?"
Na ce ni, sau ɗaya, da safe,
abin da yatsa biyu suka tsinta.
Ya dube ni, ya dubi kwalbar.
Hausarsa ta kasuwa ce, amma ya san wannan:
"Ruwa ba ya tsami banza."

Na fara zargin famfo.
Na gwada shi: shuɗin kaɗan ne,
ba shi ne ɓarawon ba.
Duk Asabar na zubar da rubu'in tanki,
na cusa tiyo cikin tsakuwa
ina zuƙo baƙin laka, bokiti biyu,
in kai wa barkonon bayan ɗaki.
Na wanke soson matata.
Na rage wa fitila awa uku.
Na samo kainuwa na zuba a sama
don saiwarta ta sha abin da ya yi yawa.

Asabar ta zagayo. Kwalba ta ce: bula.

Daren da aka ɗauke wuta,
injin iska ya yi shiru, shirun ya tashe ni.
Na fito falo ina laluben bango,
sai ga hasken tocila a ƙasan gilashi,
ga Baba Isifu a kujerarsa,
gwangwanin abinci matse a cinya,
hannun hagu, wanda ciwon ya bar masa,
yana barbaɗawa kamar mai yafa iri.

"Tachiman, matso. Tamale, bar ƙaninka.
Bolga, kai kullum a baya."
Ashe har suna ya raɗa musu.

Shekara talatin da ɗaya yana jan babbar mota,
albasa ta sauko, goro ya hau,
baki goma sha huɗu suna ci daga aljihunsa.
Yanzu ni ke riƙe masa cokali.

Ya gan ni. Bai ɓoye gwangwanin ba.
"Memuna, sun zo gaishe ni.
In bar su su koma haka?"

Na tsaya ina kallon garin abincin
yana sauka sannu, yana wuce bakunan da suka ƙoshi,
yana shigewa tsakanin duwatsu
inda zai ruɓe, ya zama shuɗin nan.

Ban ce komai ba. Na riƙe masa tocilar.

Washegari na sayo akwatin ƙwayoyi,
irin nasa, mai gida bakwai.
Kowane gida tsinke ɗaya na abinci.
Na daina ba su da safe.
Na ce, Baba, aikin ya dawo hannunka,
amma lodi ɗaya a rana, ka san dokar hanya.
Ya yi dariya da rabin fuska.

Wata guda ke nan.
Kwalba ta sauko zuwa shuɗin asuba,
kainuwa ta haihu har ina kwashewa,
ana ganin Bolga daga bakin ƙofa.
Ba a gama ba, gemun bututu yana nan.

Wasu ranakun, in na duba ran Laraba,
sai in tarar gidan Alhamis babu komai.
Sai in ɗauko bokiti.