Mai Ɗinkin Littattafai a Wad Madani

Ustaz Babikir ya kawo shi a buhun sukari,
littafin sarakunan Turai na zamanin da.
Kogi ya cika ya batse, ya shiga ɗakinsa da dare,
ya warware ɗinkin, ya lashe lambobin shafi,
ya bar takardu manne kamar kisrar jiya.
"Gwani Attahiru, mayar min da shi yadda yake."
Na ce to, ni da ba na jin harshen da ke ciki.

Na shanya su a kan angarib a bayan gida,
kowanne na danne shi da tsakuwa.
Sarakuna arba'in suna shan hantsi,
akuyar maƙwabta tana leƙensu ta katanga.

Ga wani mai kambi, gemu ja kamar ya sha lalle,
ya riƙe duniya a tafin hannu, ƙwallon zinariya,
ruwa ya shafe masa ido guda.
Ga wani cikin ƙarfe tun daga ka har ɗan yatsa,
ko tsinin hancinsa ban gani ba.
Na ce, bawan Allah, in ƙaiƙayi ya taso fa?
Da bazarar garin nan za ta riske ka a haka,
kafin azahar ka nuna lugub kamar ful a tukunya.

Tabawa, autata, ita ke karanta min bayan la'asar,
ina murza zare da kakin zuma.
"Baba, wannan ya ci birni tara,
gudawa ta kashe shi a hanyar na goma.
Wannan ya kulle ƙanensa a hasumiya,
ya gina majami'a don a yafe masa."
Na ce, ashe ko'ina giwa ta bi, ciyawa ta san labari.

"Wannan fa, mai sanƙo, mai riga kamar buhu?"
"Malami ne, Baba.
Da ƙafa ya taso daga ƙasar ƙanƙara
har Andalus, neman lissafi da ilmin taurari.
Ya zauna gaban waɗanda sarkinsa ke yaƙa,
ya kwafi littafinsu a hasken kyandir
har ganinsa ya tafi."

Na ajiye allura.
Kakana ma da ƙafa ya zo, daga Haɗeja,
gafaka a wuya, Makka a zuci.
Guzuri ya ƙare a bakin kogin nan,
ya tsinci auduga shekara bakwai,
ya bar mana allurar da nake riƙe.
Shi ba wanda ya zana shi.

Kwana shida ina jera su.
Wani na binne shi kafin a naɗa shi,
Tabawa ta yi dariya, ta gyara.
A gefen wani shafi, can ƙasa,
mutane ƙanana kamar kiyashi suna ɗauke da tsani,
wasu na yankan alkama ba su ɗago kai ba.
Na bar musu faɗin gefe, ban datse ba.

Shafi biyu suka ƙi rabuwa.
Na sa tururin buta, na sa bakin wuƙa,
sun manne baya da baya, jarumin da malamin.
Na ɗaga su a rana in ga inda zan kama,
sai haske ya ratsa:
alƙalami ya faɗa hannun mai sulke,
mashi ya tsaya tsaf a cikin kurtun tawada.

Haka na ɗinke su.
Ustaz ya zo ranar Laraba, ya juya, ya juya,
ya ce, "Nan akwai kauri."
Na ce, aikin kogi ne, ba nawa ba.
Ya biya rabi, saura sai an yi albashi.
Na zuba masa jabana,
akuya tana tauna tsakiyar wata masarauta
da iska ta kai mata ban sani ba.