Haƙora Sittin da Huɗu

Ya Fanna ta kawo shi daga Birni
ƙunshe a bakin zane, kamar goron biko.
Agogon aljihu ne, murfinsa ya lotsa,
hannuwansa sun tsaya a uku saura kwata
tun shekarar da ni kaina ban san hannun dama ba.
Ta ce na mahaifinta ne, magatakardan awon gyaɗa.
Ta ce an kai shi Maraɗi, an kai shi Kano,
kowa ya buɗe sai ya rufe:
masu ƙera cikinsa sun riga mu gidan gaskiya.

Na buɗe. Tsatsa ta yi kwanan zaune.
Ƙafa guda ta zube haƙora kamar ni,
ƙusar tsakiya ta karye biyu.
Na jiƙa sauran a kananzir, na ce ta ba ni wata ɗaya.

Wata ɗaya! Baki bai san nauyin kaya ba.

Na ɗauki tsohuwar dala biyar, ja, wadda kasuwar Dole ta daina so,
na goge ta a kan dutse har lambarta ta ɓace,
har ta koma siririya kamar ɓawon albasa.
Haƙora sittin da huɗu ake nema.
Magagarin da zai shiga tsakaninsu babu shi a garin nan,
sai da na ƙera shi shi ma, da reza da haƙuri.
A haƙori na hamsin da ɗaya
ɗan kabu-kabu ya danna oda a ƙofar rumfa,
hannuna ya zame.
Ban zagi kowa ba. Na tashi na sha ruwa,
na laluba aljihu, na samo wata dalar.

Ƙusar kuwa allurar keken Gaptu tela ce.
Na murza ta da baka da zare,
gilashi a ido ɗaya, numfashi a riƙe,
don huci kaɗan ya isa ya ɓatar da aikin kwana tara.
Sau biyu tana tsalle daga hantsaki,
ni da jikana Mutari muna rarrafe a ƙasa da fitila
kamar masu neman ƙwayar gero a rairayi.

Ran da na wana shi, ya yi shiru,
ya yi shiru,
sannan ya yi gyaran murya.

Wata uku ya ci. Na faɗa mata gaskiya:
kullum yana makara da minti huɗu,
iyakar idona ke nan.
Ta ce lokaci ai yana cikin salula, wa ya tambaye ka lokaci?
Ta kara shi a kunne. Kunnen ya tsufa, bai ji ba.
Sai ta ciji sarƙar, ta manna murfin a muƙamuƙi,
ta lumshe ido.

Ta ce, haka ƙirjinsa yake yi
in ya ɗauko ni daga tabarma, barci ya kwashe ni.

Ta biya, ta tafi.
Ni kuma na share garin tagulla daga kan tebur,
na ajiye dalar farko, mai haƙora hamsin,
a gwangwanin da nake tara abin da ya koya mini.